Jinjina Ga Waɗanda Suka Rubuta Wa Yaran Yola Littafi, Sai Dai Saura Tsakar Gida

Duk wanda ya san Dubeli da ke Jimeta ya san ba a bakin titi kaɗai ake neman na kai a unguwar ba. Sana'a mai yawa a bayan ƙyaure take. A wannan gida keken ɗinki ke kuka tun bayan sallar asuba, a wancan ana tuyar awara, a na gaba ana matsar man gyaɗa ana murza ƙuli-ƙuli. Ga masu kitso da lalle, ga kuma 'yan zamani da suka mai da wayarsu shago, suna ɗora hoton atamfa da turaren wuta a WhatsApp, mai Keke Napep ya kai wa mai saye har Jambutu ko Karewa. Tun da aka rufe makarantu da ofisoshi a watan Maris na 2020 saboda korona duniya ta cika da zancen yin aiki daga gida, alhali matan Jimeta sun gaji abin ne daga kakanninsu.

A irin wannan gida akwai wani ɗan taliki da ba a cika sa shi a lissafi ba: yaro ɗan shekara uku zuwa shida. Ya wuce goyo, bai isa aike ba. Uwa tana gabansa amma hannunta da hankalinta suna kan kasko, in ta ɗauke ido minti biyu awara ta ƙone, uwar kuɗi ta tafi. To sai a miƙa masa waya ya kalli katun, ko a ce ya fita waje ya yi wasa, kafin ya ƙara tasawa a ɗora masa farantin talla. Ban ga laifin uwar ba ko kaɗan, da wannan kaskon ake ci ake sha, da shi ake biyan kuɗin Islamiyya. Amma shekarun nan su ne lokacin da harshen yaro ke buɗewa, kuma abin da ya kuɓuce masa a cikinsu da wuya aji ɗaya na firamare mai cunkoso ya mayar masa.

Shi ya sa nake jinjina wa malamai da ɗaliban Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa. A zamanin shugabancin Margee Ensign jami'ar ta wajabta wa ɗalibanta fita su yi wa jama'ar gari hidima, kuma daga nan shirin STELLAR ya samu ƙafa. Ɗalibai suka riƙa shiga firamaren gwamnati a Yola suna koya wa yara karatu da lissafi. Da suka ga babu abin da za a miƙa wa yaro ya karanta da harshen da yake mafarki da shi, sai suka zauna suka rubuta ƙananan littattafan labarai, har da na Hausa da Fulfulde. Wannan ba ƙaramin hangen nesa ba ne daga makarantar da Turanci ne abin tinƙahonta.

Sai ga masifar 2014. Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen watan Oktoba, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansanin Malkohi da Damare, wasu a harabar majami'ar St. Theresa, mafi yawa kuwa a gidajen 'yan'uwa da na mutanen da ba su taɓa saninsu ba. Jami'ar ba ta kulle ƙofa ta ce ba ruwanta ba. Ta fito da shirin ciyar da almajirai tare da koya musu karatu, sannan da tallafin hukumar USAID ta gudanar da shirin TELA tsakanin 2015 da 2016, wanda ya kai ga yara kimanin 22,000. Ƙashin bayan shirin rediyo ne. A Radio Gotel ake sa darasin a sigar wasan kwaikwayo, da malama da ɗalibanta da waƙe-waƙe, yara kuma suna taruwa gun wani mai kula da su suna bi. Waɗanda suka tsara shi sun gane abin da 'yan boko da yawa kan manta, cewa yaro ta ƙofar labari yake shiga karatu. Allah ya saka musu da alheri.

Ba yau Hausa ta fara samun masu yi wa yara rubutu ba. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a shekarun 1930 domin 'yan makaranta, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Sai dai waɗannan na wanda ya riga ya iya haɗa baƙi ne. Littafin ɗan shekara huɗu daban yake: hoto babba, jimla ɗaya ko biyu a shafi, labarin da za a gama kafin ruwan shayi ya tafasa. Irin wannan ne ya yi mana ƙaranci. Zagaya wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Jimeta, za ka tarar da na addini, da na soyayya daga Kano, da na Turanci da makarantun kuɗi ke tilasta wa iyaye saye. Na ƙaramin yaro da Hausa ko Fulfulde sai an tona.

Jinjina ta biyu ta iyaye mata ce da yayye, waɗanda in littafi ɗaya ya faɗo hannunsu suke tatsarsa har ya yage. Yadda abin ke tafiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne amsar masu cewa mai sana'a ba ta da lokaci. Ba uwar ce ke riƙe littafin ba, yaron ne. Yana zaune a tabarma nesa da wuta, yana buɗe shafi, ita kuma daga kan keke ko bakin murhu tana jefa masa tambaya. Wa ka gani a nan? Me akuyar take ci? Kana jin mai gonar zai kama ta? In ya ce akuya ta gudu, sai ta ƙara masa: ai ta tsallake danga ta gudu, don ta ji tsoron sanda. Kalma uku ya bayar, ta mayar masa da fiye da goma. In a hoton akwai kwale-kwale, ga Binuwai nan kusa, ya taɓa gani, sai hira ta koma kan masunta da kifi. Daga nan a ce ya ƙirga kajin da ke shafin, ya zo ya ware maɓallai ko ƙwallayen dabino daidai yawansu. A ba shi gawayi ya zana Gizo a ƙasa, ko ya ɗebo laka ya gina saniyar labarin. Da yamma in yayarsa ta dawo daga Islamiyya ta karanta masa rubutun, shi kuma bayan sallar isha ya maimaita wa kaka labarin da bakinsa, ya yi muryar kura ya yi ta zomo.

Wani masani ɗan Amurka, Grover Whitehurst, ya nuna tun 1988 cewa yaran da ake karanta wa littafin hoto ta hanyar tambaya da amsa sun fi saurin buɗe baki da tara kalmomi a kan waɗanda ake karanta wa kawai suna saurare. Abin da ya fi daɗi a nan shi ne ko uwar ba ta yi boko ba tana iya wannan, hoto ba ya buƙatar satifiket. Kakanninmu da tatsuniya suka yi shi da dare, littafi kuwa ya ba da damar a yi shi da rana tsaka ana cikin aiki.

To amma fa aiki bai ƙare ba, kuma a nan nake so waɗanda na yaba su saurare ni da kyau. Shirye-shiryen nan sun fi karkata ga yaran da suka isa makaranta, ko waɗanda aka tara a cibiya. Ƙaramin da ke gindin uwarsa ba a kai gare shi ba sai jefi-jefi. Sannan yawancinsu da kuɗin waje aka yi su, wa'adi na cika aka naɗe tabarma. Ita kanta USAID gwamnatin Amurka ta rushe ta a 2025. Wanda ke jiran wani Bature ya dawo ya buga wa yaran Dubeli littafi zai daɗe yana jira.

Labaran kuwa suna nan. Ban da waɗanda aka rubuta a Yola, dandalin African Storybook da aka buɗe a 2014 daga Afirka ta Kudu yana da labarai da Hausa, kuma an yarje wa kowa ya sauke ya buga kyauta. Za a ce ai sai a karanta a waya. Ban yarda ba. Wayar mai sana'a ita ce shagonta, ba za ta bar ta a hannun ɗan shekara huɗu ba ciniki na shigowa, ga tsadar data, ga wutar da sai ta ga dama. Takarda ake buƙata, wadda yaro zai riƙe, ya kwana da ita. Maɗaba'un Jimeta da ke buga kalandar biki da fastar 'yan siyasa ba za su kasa buga littafi mai shafi goma sha shida ba. Kuma a buga wasu da ajami a ƙasan boko, domin a ƙasar Modibbo Adama uwaye da yawa da ba su san boko ba suna karanta baƙin Larabci tar.

Sai yadda zai shiga gida. Ba kowace mace ce za ta tafi ɗakin karatu ba, amma kowace tana zuwa awo da rigakafi, tana da Islamiyyar matan aure ko zumuntar mata a majami'a, tana da uwar adashe. A ajiye akwatin littattafai a waɗannan wurare, a ara a dawo da shi ranar zubi. Radio Gotel da gidan rediyon jiha su ware kwata ɗaya da hantsi, lokacin da maza suka fita mata suka kama aiki, a karanta labari ɗaya a tsanake, a bar wa uwa tambayoyi biyu da za ta yi wa ɗanta.

Ku kuma iyaye maza, musamman masu shago a ƙofar gida da masu POS da teloli, yaron nan da ke zaune kusa da ku ba na uwarsa ba ne ita kaɗai. Tsakanin mai saye da mai saye akwai minti biyar.

Kirana ga shugabannin jami'ar shi ne su fito da littattafan da ɗalibansu suka rubuta, su saki haƙƙinsu kowa ya buga. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Adamawa ta sa kuɗin bugu a kasafinta, attajiran Jimeta su ɗauki nauyin unguwa ɗaɗɗaya. A fara da Dubeli, a ba kowane gida mai ƙaramin yaro littafi ko da guda biyu ne, ɗaya da Hausa ɗaya da Fulfulde.