Karantar da Yara a Gida: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa gwamnatoci rufe makarantu, iyaye da dama sun wayi gari sun zama malamai ba tare da wani shiri ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufewar ta shafi ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi a faɗin duniya. Da ƙura ta lafa, yawancin yara sun koma aji, amma wasu iyalai sun zaɓi su ci gaba da karantar da 'ya'yansu a gida. Irin wannan tunani yakan zo wa Bahaushe mazaunin Ingila ko Amurka, musamman idan ya ga harshen ɗansa na karyewa, karatun Alƙur'ani na ja da baya, ko kuma ana cin zalin yaron a makaranta. Niyyar kyakkyawa ce. Sai dai kafin a cire yaro daga makaranta, akwai tambayar da ya kamata miji da mata su zauna su amsa tsakaninsu da Allah: wa zai ɗauki wannan kaya, kuma wane kaya za a sauke masa kafin ya ɗauka?

Ta fuskar doka, al'amarin ya danganta da ƙasar da mutum yake zaune. A Ingila, dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro ya sami ilimin da ya dace da shekarunsa, ko a makaranta ko ta wata hanya. Ba a neman uwa ko uba su mallaki takardar shaidar koyarwa, amma duk wata ɗawainiya tana kansu, har da kuɗin jarrabawar GCSE da yara kan zauna suna da shekara 16. A Amurka, an halatta karatun gida a dukkan jihohi 50, sai dai kowace jiha da nata sharuɗɗan: jihar New York tana neman iyaye su miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara, jihar Texas kuwa ba ta neman ko da sanarwa. Jamus ta hana shi, Faransa kuma tun daga 2022 sai da izinin hukuma. To amma ko a inda doka ta buɗe ƙofa, ba ta ƙara wa yini ko sa'a ɗaya ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Neman ilimi a cikin gida ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato jagororin mata, suke ɗaukar karatu a wurinta su kai wa mata a ƙauyukansu. Har yau zauren gidan malam makaranta ne, kuma yaro kan fara jin baƙaƙe da wasulla a inda aka haife shi. Haka nan sana'ar cikin gida tsohuwar al'ada ce. Binciken da Enid Schildkrout ta gudanar a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda matan kulle ke gudanar da kasuwanci daga tsakar gida, yara kuma su ne ƙafafunsu wajen aike da talla. Ashe ke nan haɗa karatu da sana'a da girki da reno a gida ɗaya abu ne da kakanni suka san shi.

Abin lura shi ne, ba mace ɗaya ce take ɗauke da waɗannan ayyuka duka ba. A gidan gandu akwai kaka mai goyo da tatsuniya, akwai goggo mai kitso da tsawa, akwai abokiyar zama da ake karɓa-karɓar girki da ita, akwai yayye masu ɗebo ruwa da wanke-wanke. Karatun allo yana hannun malam, koyar da noma ko sana'a yana hannun uba da baffanni. Maƙwabci ma yana da ikon kwaɓar yaro idan ya gan shi a hanyar banza, domin ɗa na kowa ne. Wannan tsari yana da nasa aibi, domin tallar da ta taimaki uwa ita ce ta hana 'yan mata da yawa zama a aji. Duk da haka, ya raba nauyi a kan kafaɗu masu yawa.

A ƙasar waje waɗannan kafaɗu sun ɓace. A ɗauki misalin iyali mai 'ya'ya uku a wani ƙaramin gida a Manchester. Maigida yana aikin dare, ya dawo da asuba a gajiye. Uwargida ta tashi ta haɗa karin kumallo, ta zaunar da babban yaro ya yi lissafi, ta ja wa na tsakiya baƙi, ƙaramin kuma yana kuka a bayanta. Kafin azahar tukunya na jira, wanki ya taru, ga masu sayen atamfa da turare suna kiran waya, domin da ribar wannan ciniki take taimakon iyayenta a gida. Da daddare, sa'ad da kowa ya kwanta, ita ce za ta zauna ta duba darasin gobe. Aikin da mutum biyar ko shida ke yi a Zariya ko Damagaram ya dawo kan mutum ɗaya, ba hutun mako, ba albashi, sau da yawa ba ko sannu. Wannan ba matsalar Hausawa kaɗai ba ce, domin rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya.

Saboda haka, duk magidancin da ya ce a karantar da 'ya'yansa a gida, ya sani cewa ya ɗaukar wa kansa aiki ne. Wasu mazan kan ce su ne masu nemo abinci da biyan haya, kuma sa'o'in da suke yi a waje sun ishe su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin neman halal a ƙasar sanyi ba wasa ba ne. Amma aikin waje yana da lokacin tashi, na gida kuwa ba ya da shi. Uban da ya karɓi darasi ɗaya tak, kamar lissafi ko tilawa bayan magariba, ya riƙe shi kullum ba fashi, ya kuma ɗauki cefane da fita da yara ranar hutunsa, ya ba matarsa damar numfasawa. Masu ganin shiga madafa zubar da girma ne su tuna da abin da Imam Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana taya iyalinsa hidimar gida, idan lokacin salla ya yi ya fita.

Su ma yaran a sa su cikin aikin, maza da mata. Yaron da ya auna shinkafa ya yi lissafi, wanda ya rubuta jerin kayan cefane ya yi rubutu, kuma a bakin murhu ne zai ji kalmomin da ba ya samu a littafi, irin su ludayi da muciya da rariya da daddawa. Al'adar keɓe ɗa namiji daga girki da wanki ba ta da amfani ga wanda zai tafi jami'a yana ɗan shekara 18 ya zauna shi kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan dole a nemi abin da zai maye gurbin tsakar gida. Iyalai uku ko huɗu da ke unguwa ɗaya za su iya yin wani nau'i na gayya: wannan gida ya ɗauki kimiyya ranar Litinin, wancan ya ɗauki Hausa da tarihi ranar Laraba, ta yadda kowace uwa za ta sami yini guda na kanta. Ɗakin karatu na unguwa kyauta ne, masallaci yana da azuzuwa, kaka kuma ko tana Kumasi ko Garwa za ta iya yi wa jikokinta tatsuniya ta waya. Wannan cuɗanya tana kuma maganin babbar illar karatun gida, wato kaɗaici, domin yaro yana bukatar sa'o'insa da zai yi wasa da faɗa da shiri da su.

Akwai kuma abubuwan da ya wajaba a haƙura da su. Gidan da ya zama makaranta ba zai kasance tsaf kamar ɗakin amarya ba, kuma ba dole ne a tuƙa tuwo kowane dare ba. Miyar da aka dafa da yawa ranar Lahadi aka adana a firji za ta kai iyali tsakiyar mako. Maigidan da ke son a karantar masa da yara, sannan yana son sabon girki sau uku a yini, yana neman a tafasa ne kuma a ƙi saukewa.

Daga ƙarshe, ya kamata miji da mata su riƙa zama a ƙarshen kowane zango su auna abin da aka samu. Shin yaro yana ci gaba a karatu? Shin uwa tana samun barci da lafiya da lokacin ibadarta? Idan amsar ita ce a'a, to mayar da yaro makaranta ba abin kunya ba ne. Ana iya barin boko ga malaman boko, a riƙe Hausa da Alƙur'ani da ladabi a gida da yamma, kamar yadda iyaye masu yawa ke yi. Tarbiyyar da ake gudun ta lalace a waje tana iya lalacewa a cikin gida idan uwa ta gaji har ta daina murmushi, uba kuma ya zama baƙo. Yara suna karanta zaman iyayensu fiye da yadda suke karanta littafi, kuma abin da suka gani game da adalci da taimakon juna shi za su kai gidajensu. Allah Ya shirya zuriya, Ya kuma saka wa iyaye da alheri.