AIKI A CIKI, ƘUNA A CINYA: A DAINA CE MANA "YAKAN FARU"



Watannin baya anka yi ma ƙanwar mahaifiyata aiki a wata kilinik da ba zan faɗi sunanta ba. Madaciya anka cire mata, da irin aikin nan da ba a tsaga ciki, wanda likitocinmu ke kira seliyoskopi. Huda huɗu ƙanana, kwana biyu an sallame ta, kowa na hamdala. Sai a gida, ɗiyarta na canza mata zane, ta ga ƙuna a cinyarta, faɗin tafin hannun yaro, kamar an ɗora mata dutsen guga. Da munka koma tambaya, amsar da munka samu ita ce: "Ai yakan faru, a yi haƙuri." Anka rubuta mana man shafawa. Raunin aikin ya warke cikin mako biyu, ƙunar ta kai wata biyu tana ruwa.

Ni ba likita ba ne, mikro na sani. Amma tambaya ce sana'ata. Na karanta abin da na iya, na kuma zauna da wani mai gyaran na'urorin asibiti, ya zana min abin a takarda.

A ɗakin fiɗa akwai wuƙar kuran, wadda ke yanka nama ta kuma tsaida jini da zafi. Ba sabuwa ba ce: tun 1926 Bovie ya haɗa tasa, likita Cushing ya yi aiki da ita a Boston ta Amurka. Kuran gidajenmu na juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa yake fizgar mutum. Na wannan wuƙar na juyawa sau dubu ɗaruruwa, ba ya fizga, zafi yake bayarwa. To kuran duk inda ya shiga sai ya nemi mafita. Yana shiga ta bakin wuƙar, ya ratsa jikin maras lafiya, ya fita ta wani faifai mai faɗi da ake mannawa a cinya, ana ce mishi plak. Saboda faɗinsa, zafin na watsuwa, fata ba ta ji. Amma in rabinsa ya ɓamɓare, ko danƙonsa ya bushe don an riga an yi aiki da shi a jikin wani, ko an manna shi bisa ƙashi ko gashi, ko ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, duk kuran sai ya matsu a ɗan wuri, kamar ruwan rufin soro da ya samu indararo guda. Da na nuna ma mai gyaran hoton cinyar Inna, bai yi dogon kallo ba. Ya ce nan ne mazaunin plak.

Kuma wallahi Inna ta yi sa'a, don tata ƙunar ana ganin ta.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta cikin ciki. A seliyoskopi ana hura ma ciki iskar gas ya kumbura, a zura kamara, a zura ƙarafa dogaye, sun zarce santimita 30, ta cikin 'yan bututu. Likita talabijin yake kallo, kuma bakin ƙarfen kaɗai yake gani. Sauran tsawon yana waje da hoto, kwance kusa da hanji. An lulluɓe shi da riga kamar wayar kuran. Wanki, dafawa, shiga da fita cikin bututu, duk suna cin rigar nan har ta tsage. Tsagar na iya zama wadda ido ba ya gani, kuma ƙaramar tsaga ta fi babba mugunta, don nan kuran ke taruwa. Likita na taka fedal yana aikinsa lafiya lau a gaban allo, can baya hanji na ƙonewa. Haka in bakin wuƙar ya taɓa wani ƙarfe ko kamarar alhali ana kan takawa. Kai, ko rigar lafiyarta ƙalau, in an ɗaga ƙarfin na'urar sosai, ko an kunna ta bakin bai taɓa nama ba, kuran na iya tsallakawa zuwa ƙarfen da ke kewaye da ita.

Hanjin da ya ƙone ba ya hujewa nan take. Wurin ne ke mutuwa sannu a hankali, sai bayan kwanaki ya buɗe, ƙazanta ta zuba cikin ciki. A lokacin maras lafiya ya daɗe da komawa Dakoro ko Tanut ko Abalak. Ciki ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, a ce masassara ce, a sayo ƙwaya a tebur. In ya cika, a wurin gaisuwa ka ji ana cewa: aiki dai ya yi kyau, kwana ne ya ƙare. Wa zai koma ya duba rigar ƙarfe?

Ga inda raina ke ɓaci. Ranar da anka kawo sabuwar na'ura, da manya da mu 'yan jarida duk muna nan, a yanka zare, a ɗauki hoto, a ba mu kuɗin mai (na karɓa, ba zan ɓoye ba). Ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi kuɗin plak na shekara ba, ko wa zai riƙa gwada ƙarafan. Alhali akwai 'yar na'urar da ake bi da ita bisa ƙarfe, in akwai tsaga ta yi ƙara. Akwai plak mai gida biyu wanda in ya fara ɓamɓarewa na'ura ke tsaida kuran da kanta. Akwai hantsaki mai baki biyu, bipolar, wanda kuran ke wucewa tsakanin bakunan kaɗai, ba ya yawo cikin jiki. Sauran ma ko dala ba su ci: a rage ƙarfi zuwa iya abin da ake buƙata, a taka gajere gajere, kar a taka sai ana ganin bakin ƙarfen, a bar alkol ɗin da anka shafa ma fata ya bushe kafin a kunna. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ake bi kafin aiki da bayansa. Takarda guda ce.

Za a ce min babu kuɗi, shi ya sa ake wanke kayan da anka yi don aiki guda a sake amfani da su. Na san halin da asibitocinmu ke ciki, na kuma san likitocin da ke kwana tsaye kan albashin da bai kai ya kawo ba. Amma in talauci ya tilasta maka maimaita ƙarfe, ai gwajinsa ya ƙara zama dole. Kuma kilinik mai zaman kanta da ke karɓar jikkuna ɗaruruwa kafin ta taɓa mutum, da wane baki za ta ce plak sabo ya fi ƙarfinta?

Wasu za su ce ina tsorata mutane. A'a. Tun da Mouret ya cire madaciya ta wannan hanya a Liyon ta Faransa a 1987, duniya ta rungume ta don dalili: ciwo kaɗan, kwanciya kaɗan, rauni ba ya yawan ruɓewa, abin da a zafin Afrilu namu ba ƙaramin abu ba ne. Gobe in ta kama ni, ita zan zaɓa. Masu cewa ƙaddara kuma, direban da ya ɗauki fasinja da mota ba birki, in ya kife da su a hanyar Madawa, mun san ƙaddara ce, amma jandarma na tafiya da shi.

Ku da za a yi ma aiki, ku faɗa ma likita in akwai ƙarfe a jikinku ko batirin zuciya, ku cire zobe da awarwaro da duk wani guru mai ƙarfe. In an sallame ku, cikin mako biyun farko, ciwon ciki da ke ƙaruwa, kumburi, zazzaɓi, amai, ko rashin fitar tusa da bayan gida, to a koma inda anka yi aikin a ranar, ko da dare ne. Wannan bayani kamata ya yi a yi ma kowa shi da baki, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci, kafin ya fita ƙofa. Inna takarda anka miƙa mata da Faransanci, ta naɗe ta a bakin zane.

Ina gayyatar duk likitan fiɗa, ko majo na ɗakin aiki, ko shugaban kilinik da ke ganin na yi kuskure: mikro a buɗe yake, awa guda, kyauta. Tambayata ta farko dai in faɗa muku tun yanzu, don ku zo da takardarku: yaushe rabon da a gwada rigar ƙarafanku, kuma wa ya sa hannu?