BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: NASIHA GA MASU SHAN MAGANI NA KULLUM

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani al'amari ne da ya faru a ajina na Islamiyya a nan Kafinsoli. Muna tsakiyar karatun tajwidi bayan La'asar sai wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa. Yara suka watse, wasu na cewa iska ce ta taɓa ta. Da na je gaishe ta washegari, mahaifinta ya shaida mani cewa farfaɗiya gare ta, kuma ta fi shekara ba ta faɗi ba saboda maganin da likita ya ɗora ta a kai. Maganin ne ya ƙare. Sai ranar da aka haɗiye ƙwayar ƙarshe ya tafi nema, aka ce babu, ya dawo jibi. Ya koma, aka ce kaya na hanya daga Kano. Haka aka kwashe kwana tara. Ya rufe da cewa, "Malam, haka Allah Ya ƙaddara."

Ban musa masa ba, domin babu abin da ke aukuwa sai da ƙaddarar Allah. Amma ina ganin mun daɗe muna fakewa da wannan kalma mai girma muna rufe sakacinmu. A fahimtata, duk wanda likita ya ce ya riƙa shan magani kullum, ko yake kula da mai sha, to tanadin maganin kafin ya ƙare amana ce a wuyansa. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai taguwa ya fara ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa shi kansa yakan ware wa iyalansa abincin shekara. Annabi Yusuf (AS) kuwa shekara bakwai ya sa aka yi ana tara hatsi a Masar kafin fari ya zo. Wane ne a cikinmu ya fi waɗannan tawakkali?

Abin mamaki, a wasu fannoni ba a koya mana wannan darasi. Manomin Kankia ko Kusada ba ya jiran rumbu ya zama wayam kafin ya san gero ya yi ƙasa, ba ya kuma barin neman iri sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Me ya sa kwalin magani kaɗai muke bari sai mun girgiza mun ji shiru?

Ya kamata mu sani cewa cututtuka irin su hawan jini, ciwon suga, asma da farfaɗiya, magani danne su yake yi, ba korar su ba. Mai hawan jini zai iya daina sha ya ji garau, alhali jinin na hawa a ɓoye har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Mai farfaɗiya idan ya yanke magani farat ɗaya, faɗuwar na iya dawowa da ƙarfi, wataƙila a bakin murhu ko rijiya. Mai tarin fuka da ya katse maganinsa na wata shida yana iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani.

Sannan jinkirin da muke gani a kantin magani yana da tushe mai nisa. Mafi yawan magungunanmu, ko sinadaran haɗa su, daga ƙasashen waje suke zuwa, musamman Indiya da Sin, su sauka Legas, su biyo ta Kano kafin su iso mana. Duk inda aka yi tuntuɓe a wannan doguwar hanya, mu na ƙarshen layi mu ke ji a jika. Mun gani a 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya sanar da janye harkokinsa daga Nijeriya, farashin abin shaƙa na masu asma ya yi tashin gwauron zabi. Mun sake gani a 2024, da aka rufe shagunan sarin magani na Sabon Garin Kano don a mayar da dillalan Dangwauro. Wanda ke da ragowar mako guda a hannu yana da sararin nema, wanda ba shi da ko ƙwaya ɗaya kuwa sai abin da ya gani.

Na san wani zai ce, "Malam, ba mantuwa ba ce, babu ce." Wannan gaskiya ne, kuma ba na zargin talaka da talaucinsa. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi buƙatar lissafi da wuri, domin kwana bakwai sun isa a sayar da tiyar wake ko a kira ɗan uwa a Kano, amma dare ɗaya bai isa ba. Mu kuma sauran jama'a, ina amfanin zakkarmu da sadakarmu idan maƙwabci na raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata?

Shawarata ita ce, mu ɗaura wannan aiki a jikin Juma'a. Kafin ka tafi masallaci, ƙirga abin da ya rage na maganinka, ko na Baba da Inna. Idan bai wuce na mako guda ba, to a wajenka ya riga ya ƙare. Ka ƙara tanadi gabanin hutun Sallah, da tsakiyar damina, da kowace tafiya. Ka adana katin asibiti da tsohon kwali. Idan an ce babu irin naka, ka tambayi mai harhaɗa magani ko likita abin da zai maye gurbinsa, kada ka canza da kanka, kada kuma ka saya a tiren da ke yawo cikin rana a kasuwa.

Ku kuma 'yan uwanmu masu kemis da ma'aikatan asibiti, ku ji tsoron Allah game da kalmar "gobe". In kun san kaya ba za su iso ba, ku faɗi gaskiya mutum ya nemi wani wuri tun da sauran lokaci. Ɓoye magani don jiran ya yi tsada yana cikin ɓoyon kayan da Shari'a ta hana. Mu masu saye kuma mu yi haƙuri da su, domin zagin wanda ke bayan kanta ba ya sauko da mota daga Kano.

Ɗalibata ta dawo makaranta, alhamdulillah, kuma yanzu yayanta ne ke ƙirga mata ƙwayoyin duk Juma'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana sakacinmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.