Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Abin da Jawabin Shugaban Ƙasa Ya Rasa

Shugaban Nijeriya yakan yi wa al'umma jawabi sau da dama a shekara: ranar 1 ga Janairu, ranar 12 ga Yuni, ranar 1 ga Oktoba, sai kuma ranar da ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Tarayya. A kowanne akan ji batun tsaro, tattalin arziki da kiwon lafiya. Sai dai a duk ranakun nan babu wadda doka ta ɗora masa ya tsaya ya faɗi yadda ya yi da alkawuran bara. Shi ya sa jawaban suka zama na biki: a saurara, a tafa, a watse.

Tushen matsalar yana cikin tsarin mulki. Sashe na 67 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaba damar halartar zaman majalisa ya yi jawabi kan al'amuran ƙasa idan ya ga dama. A Ghana ma sashe na 67 ne na tsarin mulkin 1992 ya yi magana kan haka, amma shi wajabtawa ya yi: dole shugaba ya bayyana wa majalisa halin da ƙasa ke ciki a farkon kowane zango, da kuma kafin a rushe ta. Saboda haka Nana Akufo-Addo ya tsaya gaban majalisa a Janairun 2025, ana saura kwanaki ya sauka, John Mahama kuma ya yi nasa a Fabrairu. Bayan jawabin 'yan majalisa sukan shafe kwanaki suna muhawara a kansa.

An taɓa yunƙurin kawo wannan tsari Nijeriya. A 2013 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin da zai tilasta jawabin shekara, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu, bisa hujjar cewa abin da tsarin mulki ya bari a matsayin zaɓi, doka ta gama-gari ba za ta mayar da shi tilas ba. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar shari'a, kuma abin da take nunawa shi ne sashen kansa ke buƙatar gyara. Shugaba Bola Tinubu ya yi jawabi ga zaman haɗin gwiwa na majalisa ranar 12 ga Yunin 2025, amma da son ransa ya je, wanda zai gaje shi kuma yana iya ƙin zuwa.

Amfanin ranar lissafi ya fi fitowa idan aka duba alƙaluma. A jawabin kasafin kuɗi na Disambar 2024, Tinubu ya ce ana sa ran hauhawar farashi za ta sauko daga kashi 34.6 cikin 100 zuwa kashi 15 a 2025. Wannan alkawari ne da ake iya aunawa, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Amma a farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'auninta, ta sauya shekarar da take kwatanta farashi da ita daga 2009 zuwa 2024. Adadin ya faɗo daga 34.80 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu. Sabunta ma'auni aiki ne da ya daɗe da kamata, sai dai magidanci bai ga mudun masara ya yi sauƙi da wannan gwargwado cikin wata guda ba. Akwai buƙatar wurin da za a tambayi shugaba: nawa ne daga saukin ya fito daga kasuwa, nawa daga sauyin mudun awo?

A fannin lafiya ma tambayar a fili take. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka haɗu a Abuja suka ɗauki alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. A kasafin 2025 da aka gabatar, lafiya ta samu naira tiriliyan 2.48, wato kusan kashi 5, tsaro ya samu 4.91, biyan bashi kuma 15.81. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Abin da ake rubutawa a kasafi daban, abin da ake saki daban, abin da ke isa asibitin ƙauye kuma daban. Jawabin da ya tsaya kan na farko bai ce komai ga matar da aka rubuta wa magani ta sayo a kemis ba.

Tsaro ya fi kowanne buƙatar lissafi mai tsabta. Da aka sace ɗalibai a Kuriga ta Jihar Kaduna a Maris na 2024, adadin farko da aka bayar 287 ne, daga baya hukuma ta ce 137 ne, kuma an kuɓutar da su. Ƙasar da ake saɓani kan yawan 'ya'yanta da aka ɗauke tana buƙatar ma'auni tsayayye. Jawabai sun saba lissafa 'yan bindigar da aka kashe da jiragen da aka sayo. Manomin Zamfara ko Katsina da wani ma'aunin yake duba zaman lafiya: ko ya nome gonarsa bana ba tare da biyan haraji ga 'yan daji ba, ko makarantar garinsu a buɗe take.

Mai ja zai ce jawabi ba ya gyara ƙasa, kuma yana da gaskiya. Ghana, da duk wajabcin nata, ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022. Majalisar da jam'iyyar shugaba ta mamaye kuma tana iya mayar da ranar ta kirari. Abin da wannan ke koyarwa shi ne wajabta zuwa kaɗai bai isa ba, sai an wajabta abin da za a zo da shi.

Gyaran da ya dace yana da sassa uku. A tsayar da rana guda a tsarin mulki. A ɗora wa shugaba ya miƙa rubutaccen rahoto da ke jera alkawuran bara, kowanne da adadin da aka nufa da wanda aka cimma, da ma'auni ɗaya daga shekara zuwa shekara. Sannan a ware kwanakin muhawara, ministocin tsaro, kuɗi da lafiya su amsa tambayoyi a bainar jama'a. Gwamnoni ma su yi haka a majalisun jihohinsu, tunda manyan asibitocin jiha da makarantu a hannunsu suke. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka a gaban mutane, a gabansu ya kamata ya sauke.