Filin Wasanni: Guduma Ko Aska?

A wannan wata mun jingine zancen Coton Sport ta Garwa, saboda wata wasiƙa da ta zo mana daga Kano. Mai wasiƙar tsohon ɗalibinmu ne, haifaffen nan Mindif, wanda neman abinci ya kai shi filin ƙwallon lambu na Kano, wato golf, inda yake ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Yau da gobe har shi ma ya iya bugu, ga shi kuma za a yi wa masu ɗaukar jaka gasa. Ya yi wata biyar yana tara kuɗi, yana so ya sayi sandar gangarawa mai kan guduma a gwanjo, don ya ji an ce irinta Scottie Scheffler ke riƙewa. Tambayarsa gajeriya ce: "Malam, in saya?"

Mun san wani zai ce ina ruwan mutumin Mindif da wasan attajirai, mu da babu abin da muka mallaka sai dutse da gonar auduga. To, gumin yaro na wata biyar ya isa a tsaya a kansa. Kuma abin da ke cikin tambayar, darasin ma'auni ne da muke koyarwa a aji.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14. Sha uku na tashin ƙwallo sama ne, ɗaya tak ce ake gangara ta da ita a ƙasa zuwa cikin rami mai faɗin milimita 108. A filin da aka ƙayyade wa bugu 72, an ware 36 don wannan sanda ɗaya. Ashe rabin wasan a hannunta yake. Iri biyu ce: mai siririn kai kamar aska, da mai faffaɗan kai kamar guduma.

Amfanin guduma ba ɓoyayye ba ne. An watsa nauyinta can baya da gefe-gefe, saboda haka in ƙwallo ba ta sami tsakiyar fuskar sanda ba, kan ba ya saurin murɗewa, ƙwallon kuma ba ta cika kaucewa ba. Ga kuma faɗin da ake zana dogon layi a kai, mai taimakon ido wajen saiti. Tun a 1904 wani Walter Travis ya zo daga Amurka da irin wannan sanda ya ci gasar masu sha'awa ta Birtaniya, har mahukuntan wasan na can suka haramta ta a 1910, ba su sake ta ba sai farkon shekarun 1950. Shi kuwa Scheffler, da ya koma guduma a watan Maris na 2024, nan take ya ci gasar Arnold Palmer da ratar bugu biyar, ya ƙara da Masters a watan Afrilu. Duk wannan gaskiya ne. Amma kada yaronmu ya manta, Tiger Woods ya ci manyan gasa 14 daga cikin 15 ɗinsa da aska guda ɗaya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, ɗanmu, kafin ka taɓa aljihu, fara sanin hannunka. Sami kara biyu miƙaƙƙu ka shimfiɗa su a daɓe, ka bar tsakaninsu ɗan abin da ya fi faɗin kan sanda. Ari sandar kowa, ka yi ta kai ta baya kana dawo da ita kamar sau ashirin, ba tare da ka yi ƙoƙarin gyara komai ba. Ka sa aboki ya tsuguna a gabanka ya duba, ko ya ɗauka da waya. Wasu mutane kan sandarsu na tafiya ɗoɗar kamar guga a rijiya, ya je ya dawo a layi ɗaya. Wasu kuma nasu na lanƙwasowa ciki, fuskar ta buɗe ta rufe kamar ƙyauren ɗaki. Babu wanda ya fi wani. Mai durƙusawa sosai, idonsa a kan ƙwallo, ya fi yin na farko. Mai tsayawa a miƙe nesa da ita ya fi yin na biyu.

In ka san naka, sai gwajin sanda, kuma ba ya cin ko dala. Ɗora ƙotar a kan yatsa ɗaya kusa da kai, ka matsa har ta daidaita kamar sikeli, sannan ka dubi fuskar. In ta kalli sama sak, wannan sandar mai bugun ɗoɗar ce, ba ta son juyi. In kuwa tsinin kan ya rinjaya ƙasa, ita ce ta mai bugun ƙyaure, gwargwadon rinjayar gwargwadon juyin da take so. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, don ana cewa wai duk guduma fuskarta sama take kallo. Ba haka ba ne. Wuyan sanda, inda ƙota ta haɗu da kai, shi ke yanke hukunci. Ƙota mai lanƙwasa biyu kan sa fuska ta kalli sama, gajeren wuya mai karkata kuwa kan sa tsini ya rinjaya. Kai iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma hali daban. Mai bugun ƙyaure da ya sayi wadda ba ta son juyi, kullum suna kokawa da ita, kuma sau da yawa hannunsa yake zargi alhali laifin na saye ne.

Sai tsawo. Yawancin na kasuwa daga santimita 84 zuwa 89 suke. Scheffler dogo ne, ya haura mita ɗaya da casa'in, yaronmu kuwa a layin gaba muke zaunar da shi a aji. Duk manomin da ya taɓa aron fartanyar maƙwabci ya san abin da ƙotar da ba tasa ba ke yi wa baya. Ka tsaya yadda ka saba, ka saki wata ƙwallo daga tsakanin idanunka. Ya kamata ta faɗa kan wadda ke ƙasa ko ɗan ciki kaɗan, gindin sandar kuma ya kwanta ƙasa daidai, tsini bai ɗaga ba. In ta yi tsawo ana iya yankewa, amma kan zai ji kamar ya rage nauyi a hannu. Wata doguwa kuma da ake tokarawa a ƙirji ko ciki, kada arha ta ja ka: tun ranar 1 ga Janairu 2016 aka hana tokara sanda a jiki.

Abu na ƙarshe shi ne ƙasar da za ka yi wasa a kai. Filayen ƙasashenmu na zafi sun daɗe suna amfani da yashi da aka cuɗa da baƙin mai a bakin rami maimakon ciyawa, inda kuma akwai ciyawar, ba ta kai santsin ta talabijin ba. Fuskar sandar gangarawa na da ɗan kwanciya baya, digiri 3 zuwa 4, don ta ɗaga ƙwallo daga gurbinta ta fara mirginawa. A wuri mai nauyi ko kunya-kunya, wadda ta fi kwanciya ta fi. Don haka ka roƙi mai sayarwa ya bar maka ita yini ɗaya ka kai ta filinku. Ka buga goma daga taku ɗaya, goma daga taku uku, goma daga taku goma, ka rubuta a takarda, ka yi haka da wata askar aro. In ya ƙi ba ka aron yini, ka riƙe kuɗinka, ka shiga gasar da sandar da ka saba ara.

Ka rubuto mana abin da takardar ta nuna, za mu buga shi a wannan fili in Allah ya kai mu wata mai zuwa.