Akwatin Kayan Gyara: Shirin Maigida Kafin Damina

Duk wanda ya zauna a Anguwan Rogo, ko da na shekara guda ne, ya san cewa babban abokin gabar gida a Jos shi ne ruwan sama. Garin yana bisa tsauni mai tsawon wajen mita 1,200, ruwan da ke sauka a cikinsa kuwa yakan kai milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Ke nan rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100 yana karɓar ruwa kimanin duro 700 kowace damina. Inda duk ƙusa ɗaya ta yi sako-sako, ta nan ruwan zai bi ya ɓata silin, ya ruɓar da katako, ya jiƙa bango. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin siminti da kwano da ladan ma'aikata suka yi tashin gwauron zabo, saboda haka ɗan gyaran da aka yi wa sakaci yau, gobe sai ya ci albashin wata.

Abin da maigida ke bukata bai taka kara ya karya ba: guduma, filaya, sifana mai buɗewa da tsukewa, sukuddireba iri biyu, wato mai baki shimfiɗe da mai baki tauraro, zarto, tef na awo, cokalin birkila, tasta ta gwada wuta, da tocila. Sai ƙusoshin kwano masu hula, da washa ta famfo, da ɗan kwalta. Ba dole ne a saye su rana ɗaya ba. Ana iya sayen guda kowane wata, amma a zaɓi mai nagarta, domin filaya mai araha takan lanƙwashe tun a aikin farko. Tsani kuwa, gidaje uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su mallaki ɗaya.

Watan Fabrairu da Maris su ne lokacin duba rufi. Da tsakar rana a leƙa ta cikin silin; duk inda haske ya ratso, to, nan ruwa zai ratso. Ƙaramar huda ana liƙe ta da ƙyalle da narkakken kwalta bayan an goge tsatsar wurin. In za a buga sabuwar ƙusa, a buga ta a kan tudun kwano, kada a buga a kwarinsa inda ruwa ke gudu. Mai hawa kuma ya riƙa taka layin ƙusoshi, domin nan ne katako yake a ƙasa. Katakon da aka sayo daga Kasuwar Katako don canji, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Siririyar tsaga ana ɗan faɗaɗa bakinta, a jiƙa ta da ruwa, a cika da kwaɓin siminti awo ɗaya da yashi awo huɗu, sa'an nan a riƙa yayyafa ruwa na 'yan kwanaki don kada ya farfashe. Ragowar simintin a ƙulle shi cikin leda a ɗora bisa katako, in ba haka ba danshi zai mai da shi dutse. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da jarka guda a yini, alhali sau da yawa washa ce kawai ta cinye. Ƙyauren da sukuronsa ya daina kamawa kuwa, a cusa tsinken ashana da gam cikin ramin, a sake ɗaurawa.

Sai kuma kwata. Mutanen Jos ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, wadda ta halaka mutane fiye da 30, ta rushe gidaje masu yawa a unguwanni irin su Rikkos da Gangare. Shebur ba ya tare irin wannan ruwa, amma yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan farko yana hana ruwa kwanciya a gindin katanga yana cin harsashinta. Wannan aiki ne na maƙwabta baki ɗaya, domin kwatar da ta toshe a gida guda takan mayar da ruwa gida biyar.

Amma fa a san iyaka. Canza ƙwan fitila ko soket, bayan an kashe wuta daga babban makunni an kuma gwada da tasta, abu ne mai yiwuwa. Wayar da ke zafi ko warin ƙuna kuwa, da tsagar da yatsa ke shiga ko wadda ke ƙara buɗewa, da rufin da ya lotsa, waɗannan na masu sana'a ne, kuma kuɗin da aka biya su bai kai na asibiti ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maigidan da ya ba rufinsa da kwatarsa Asabar biyu cikin Maris, shi ne zai kwana da kwanciyar hankali ran da hadarin Agusta ya haɗo.