Laftof ta ƙi tashi bayan an sa mata Windows: sake fomatin ba magani ba ne

Daga Farm Centre da titin Beirut a Kano har zuwa ƙananan shagunan gyara na Birnin Kudu da Gwaram, kalma ɗaya ce ta zama maganin kowace cutar kwamfuta: fomatin. Ta yi nauyi, fomatin. Ta kamu da bairos, fomatin. To, idan an goge ta an ɗora mata sabuwar Windows, sai kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya fa? Amsar da aka fi ji ita ce a sake wani fomatin, in ya ƙi a ce “bod ya ƙone.” Wannan ɗabi'a tana cin kuɗin jama'a, tana kuma cinye musu takardu. Laftof ɗin da ta yi aiki lafiya jiya, yau ta ƙi tashi bayan an taɓa babbar manhajarta, da wuya a ce ƙarfenta ne ya mutu cikin dare ɗaya. Abin da aka canja shi ya kamata a fara tuhuma.

Matsalar ta ƙara yawa ne da dalili. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, jama'a kuma suka shiga rububin komawa Windows 11. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: tsarin tashi na UEFI, na'urar tsaro ta TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, ma'adana aƙalla 64GB, da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannun matasan Arewa, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7450 da ThinkPad T460, ba su kai wannan zubi ba. Don haka ake bin wasu dabaru a tilasta musu, ana taɓa saitin da ba a fahimta ba, daga nan kuma rigima ke farawa.

Ga mazaunin Kano, abin bai wuce hawa adaidaita ya koma wajen mai gyara ba. Ga matashin Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram kuwa, lissafin daban ne. Sara gari ne na kasuwa, akwai masu shagon buga takardu, akwai ɗaliban da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu, akwai masu shirin jarrabawar JAMB da ake yin ta a kan kwamfuta. Kai laftof Kano tafiya ce ta sama da kilomita 100, ga kuɗin mota, ga asarar yini guda, wani lokaci ma sai an bar ta ta kwana a hannun wani. Idan abin da ya hana ta tashi saiti ɗaya ne da za a juya cikin minti biyar, an yi asarar banza ke nan. Idan kuma a garin gyaran aka share furojet ɗin shekarar ƙarshe ko lissafin shago, garin neman gira an rasa ido.

Kayan aikin farko yana cikin aljihu

Kafin a danna komai, a ɗauko waya a ɗauki hoton abin da fuskar kwamfutar ta nuna. Kwamfuta ba ta cika mutuwa shiru ba, tana faɗin ciwonta, mutane ne ba sa tsayawa su karanta. Da hoton nan za a bincika a intanet, da shi za a tura wa wani masani ta WhatsApp, da shi kuma za a gane ko mai gyara ya san abin da yake faɗa. “Ta ƙi tashi” ba bayani ba ne, domin ƙin tashi iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko, a danna maɓallin kunnawa babu fitila, babu ƙarar fanka. Wannan ba ruwan Windows, maganar wuta ce. A cire caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 zuwa 30, sannan a jona caja kaɗai a gwada. A kuma gwada wata cajar. Idan fitilar Caps Lock tana ƙyaftawa a HP, a ƙirga sau nawa take yi, domin saƙo ne da kamfanin ya tsara don nuna inda matsalar take, kuma wani lokaci cire RAM a mayar da shi daidai ya wadatar.

Na biyu, tambarin HP ko Dell ya fito, sai wani rubutu ya biyo baya. A HP akan ga “Boot Device Not Found” tare da lamba 3F0, a Dell kuma “No bootable devices found.” Ma'anarsa ita ce kwamfutar ta farka lafiya, ta nemi Windows ba ta same ta ba. Bod ɗin da ya ƙone ba ya rubuta wa kowa wasiƙa. A nan sai a shiga saitin BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ana dannawa da zarar an kunna. Tambayar farko: kwamfutar tana ganin ma'adanarta, wato HDD ko SSD? HP da Dell duk suna da gwajin lafiya a cikinsu, F2 a HP, a Dell kuma ta F12. Idan ma'adanar ta faɗi gwaji, ita za a canja, ba kwamfutar ba. Ɗora Windows aiki ne mai nauyi, yakan ƙarasa ma'adanar da dama can ta fara gajiya.

Idan ma'adanar lafiya lau take, mafi yawanci saɓanin tsari ne. Akwai tsohon tsarin tashi da ake kira Legacy, wanda ke tafiya da tsarin raba ma'adana na MBR da ya samo asali tun 1983. Akwai sabon, UEFI, mai tafiya da GPT. Kwamfutocin gwanjo da aka ƙera daga 2012 zuwa 'yan shekarun bayanta yawanci suna jin duka biyun, nan ne kuma tarkon yake. Idan an shirya filashi da manhajar Rufus a tsarin MBR aka ɗora Windows da shi, alhali BIOS na kan UEFI zalla, to Windows tana nan daram a ciki, kwamfutar ce ke ƙwanƙwasa wata ƙofa daban. Juya saitin ya dace da yadda aka ɗora ta shi ne maganin. A kuma duba kwanan watan da ke BIOS. Idan ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin agogo ya mutu, kuma hakan na iya sa saiti ya riƙa komawa na kamfani duk lokacin da wuta ta ƙare.

Na uku, tambarin Windows ya fito, sai fuska ta yi shuɗi, ko ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. A karanta rubutun da ke ƙasa. Idan “INACCESSIBLE BOOT DEVICE” ne, a duba saitin SATA, ko yana kan AHCI ko RAID, musamman a Dell Latitude, a mayar da shi yadda yake lokacin da aka ɗora Windows. Idan kuma an ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, ga batir ba ya riƙo, wataƙila fayilolin tashi ne ba su kammala ba. Sai a tayar da ita da filashin, a zaɓi gyara maimakon ɗora sabuwa, a bar Startup Repair ta gwada. Wani abin dariya ma: wasu kan bar filashin a jiki, kwamfutar ta yi ta komawa shafin farko na ɗorawa, su ɗauka aikin bai yi ba.

Uzurin masu gyara

Masu gyara suna da hujjarsu, kuma ba a rasa gaskiya a ciki. Sake fomatin ba ya ɗaukar dogon lokaci, ga masu jira, ga janareto na shan mai, mai kwamfuta kuma ba ya son biyan kuɗin bincike, kuɗin “sa Windows” kawai ya sani. Gaskiya ne kuma akwai ranar da sake ɗorawa ita ce kaɗai mafita.

Amma sauri ba ya halatta share dukiyar mutum. Yawancin masu laftof suna ajiye takardunsu a ɓangaren D, da tunanin fomatin C kaɗai yake ci. Wasu kuma tsofaffin fayilolinsu suna nan a jakar Windows.old bayan ɗorawar farko. Idan shirin ɗorawa ya ƙi karɓar ma'adanar saboda saɓanin MBR da GPT, gajeriyar hanyar da ake bi ita ce umarnin clean a cikin diskpart, shi kuwa ba ya bambanta C da D, duk ɓangarorin yake rushewa lokaci guda. Alhali tun 2017 Windows 10 ke zuwa da MBR2GPT, mai sauya tsarin ba tare da goge komai ba. Ko kwamfutar ba ta tashi, ana iya tayar da ita da filashi mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint a kwashe takardu zuwa wata ma'adana. Banda idan an kulle ta da BitLocker: a nan sai an samo mukullin nan mai lambobi 48, wanda yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai ita, kuma ana iya buɗe asusun daga waya.

Saboda haka akwai sharuɗɗa uku da ya kamata duk mai laftof ya gindaya kafin ya miƙa ta: a kwashe takarduna tukuna, a nuna mini sakamakon gwajin ma'adana, kada a goge wani ɓangare sai da sanina. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba. Shi ma mai kwamfuta ya yarda ya biya kuɗin bincike, domin ya fi kuɗin mota zuwa Kano sauƙi.

Ya kamata kuma a rage wannan gaggawa ta komawa Windows 11. Windows 10 ba ta daina aiki ba, kuma Microsoft ya buɗe shirin ƙarin kariyar tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Laftof ɗin da ba ta cika sharuɗɗa ba, in dai buga takardu da shiga intanet ne aikinta, Linux Mint za ta riƙe ta, kuma kyauta ce. Wanda kuma ya ƙudurta sai ya canja, ya tanadi filashi mai 8GB ko fiye, ya sauko da Windows daga shafin Microsoft, ya cika batir, ya kwashe takardunsa, ya ɗauki hoton saitin BIOS kafin ya taɓa shi. Hoton nan guda ɗaya, ranar da ta ƙi tashi, zai iya hana shi tafiya Kano.